Dalilin da Ya Sa Na Cire Sunanka daga Takardar Gida

Da sunan Allah mai rahama, mai jin ƙai.

Zuwa ga ɗana Isuhu, a Dakoro.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da gajiyar hanya, da baƙunta, da fama da sabon wuri. Allah ya sa ka sauka a sa'a. Ya tsare ka daga sharrin ƙarfe da wuta, tunda su ne abokan aikinka, ya haɗa ka da maƙwabta masu tsoronsa. Innarka tana gaishe ka. Mu nan lafiya lau, sai godiya.

Ba labarin gari zan ba ka ba. Wanda aka yi wa haihuwa da wanda ya sayar da jaki, direban da zai miƙa maka wannan takarda ya fi ni sani, kuma ba zai jira ka tambaye shi ba. Magana ɗaya ce ta zaunar da ni.

Ranar da za ka tafi ka durƙusa ka yi mini sallama, amma idonka yana kan takalmina. Na ɗauka nauyin rabuwa ne. Sai da mota ta tashi innarka ta ce mini, “Malam, yaron nan da ciwo ya tafi. A ƙofar Maigari ya ji ana cewa ka je Madarunfa ka sa an cire sunansa daga takardar gida. Ya ce mini, Inna, tun ban fita ba Baba ya share ni.”

Gaskiya ne. Na je da ƙafata, kuma ni na ce a cire. Laifina shi ne ban gaya maka da bakina ba. Ka san maganata, tafiyar amalanke take yi, sai an yi haƙuri da ita, mota kuwa ba ta jira. To yanzu nemi inuwa ka zauna. Akwai abin da muka ɓoye maka shekarun da kake Maraɗi wurin koyon ƙira, don kada hankalinka ya rabu biyu. Yau kai mai gidan kanka ne, ka isa ka ji wautar ubanka tun daga tushe.

Shekarar da kakanka ya rasu gandu ya dawo hannuna, a shekarar aka zo ƙidaya. Kana goye lokacin. Aka kafa tabur ƙarƙashin tsamiyar ƙofar Maigari, mushe, ma'aikacin gwamnati mai rubutu, ya zauna, kowane magidanci ya matso ya faɗi mutanen gidansa da suka isa biyan lanho, wato harajin kai, a rubuta masa a takarda. Gari duk yana tsaye yana sauraro, domin a wurinmu ranar ƙidaya ranar auna mutum ce. Wanda ke gabana Ɗan Barmo ne, abokin gasata a noma tun muna samari. Ya gyara murya ya ce sha huɗu. Jama'a suka ce, “Ma sha Allah, gida ya cika.” Ya waiwayo ya dube ni da murmushin nan nasa na gefen baki.

Isuhu, mu bakwai ne a gidan. Na sani sarai bakwai ne. Amma da mushe ya ɗaga kai ya ce, “Nawa?” sai na ji bakina ya kama hanya ya bar ni a baya. Na sa baffanka Idi da ke Kano, da matarsa. Na sa baffanka Mamman da ke Ikko, da matansa biyu, ta biyun ko ganinta ban taɓa yi ba, sunanta ma sai da na aika aka tambayo kakarka. Na sa gwaggo Ai, wadda ta koma Safo wurin ɗanta. Na ƙirga a yatsu na ga sha uku. Sai na tuna da wani makiyayi da ke sauka gonarmu da rani, na sa shi, na sa matarsa, na ce ai ƴan gida ne. Sha biyar.

Maigari Abdu ya sunkuyo ya ce mini a hankali, “Garba, ka dai san kowane suna da kuɗinsa?” Ni kuwa na amsa da ƙarfi don a ji, “Ranka ya daɗe, wanda ya ba ni su zai ba ni abin biya musu.” Jama'a suka ce madalla. Na koma gida ina taku kamar wanda ya sayo doki. Da na faɗa wa innarka, ba ta ko ɗago daga turmi ba. Ta ce, “To sauran takwas ɗin yaushe za su iso? In ƙara tsaba ne?”

Wannan ce wautata ta farko. Kai ma ranarka tana zuwa. Mai fatanti, mai yanka harajin sana'a, zai shigo rumfarka ya duba girman sana'arka don ya san abin da zai yanka maka. Kada ka aro injin maƙwabci ka kafa a ƙofa don a ce Isuhu ya yi ƙarfi, kada ka ƙirga masu zuwa hira cikin ma'aikata. Kada kuma ka ɓoye abin da kake da shi a bayan zana. Ka faɗi tsawonka daidai. Masu cewa ma sha Allah gida suke komawa su yi barci, kai za a bari da takarda.

Shekarun farko ban ji nauyi ba. Gyaɗa tana kuɗi, naira tana da daraja, baffanninka suna aiko da nasu kowace kaka har da ɗan goro a kai. Daga baya fari ya zo. Makiyayi ya yi kudu da abin da ya rage masa na dabbobi, ban sake ganin ko ƙurarsa ba, amma kowace shekara ina biya masa shi da iyalinsa. Naira ta fara lalacewa, aiken Ikko ya yanke, na Kano ya zama shekara bi shekara, sannan ya zama gaisuwa kurum, sannan gaisuwar ma ta ɗauke. Ana cikin haka kakarka ta rasu.

A nan ne wautata ta biyu, kuma ita ce na fi jin kunyar kiranta wauta, domin da ƙauna na yi ta. Maigari ya ce mini in zo mu je a cire sunanta. Na ce a bari tukuna. Yaya zan tsaya gaban wani yaro mai alƙalami in ce ya ja layi a kan uwata? Gani nake kamar in sake kai ta kushewa. Na baffanninka kuwa ya fi wuya. Ka san yadda muke a nan: wanda aka cire daga takardar gidan ubansa yana da rai, mutane cewa suke an raba shi da gado, an nuna masa ba shi da gona. Na ce ni ba zan zama yayan da ya kori ƙannensa ba. Haka kakarka ta yi shekara shida tana biyan lanho daga kabari, Allah ya jiƙanta, har ta fi wasu masu rai cika alkawari.

Abin da zan ce maka a nan gajere ne. Takardar gwamnati ba wurin ajiye ƙauna ba ce. Wanda ya rasu, addu'a ce ke isa gare shi. In abu ya sauya a rumfarka, ma'aikaci ya tafi, ko ka rufe wata uku don ciwo, ka je ka faɗa a rubuta tun abin yana ɗanye. Ba wanda zai zo ya tambaye ka ko kayanka ya ragu.

To, daga nan bashi ya fara taruwa. Shekara ta farko da na gaza, Maigari ya cike daga aljihunsa don kada sunan gari ya ɓaci. Ta biyu ma haka. Ka san abin da na saka masa da shi? Na sake hanyar zuwa masallaci don kada in bi ta ƙofarsa. Mutumin da muka yi kiwon awaki tare. Ta uku ya ce ba zai iya ba, kuma da gaskiyarsa, shi ma yana da bakuna. Sunana ya tafi Madarunfa cikin waɗanda ba su biya ba.

Sai na samo dabara, ita ce wautata ta uku. Da an ɗaure gero, na ji ƙishin-ƙishin gardi, dogarin gwamnati mai bin bashin lanho, yana zagayen garuruwa, sai in tashi da asuba in ce zan je Jibiya duba wani ɗan'uwa marar lafiya. In yi kwana huɗu, biyar, ina cin tuwon mutane, sai ƙafa ta ɗauke in dawo. Innarka ce ke fitowa ta shimfiɗa wa gardi tabarma, ta kawo masa ruwa, ta tsaya daga bayan zana tana ba da haƙuri, maƙwabta suna leƙe. Kaka uku ina haka. A ta ukun, ina ɗaura sirdin jaki ta fito ta tsaya ta ce, “Malam, marar lafiyan nan naka, don Allah ko ya warke ko ya mutu. Mu ma mu huta.”

Na yi dariya a lokacin, amma da na yi nisa dariyar ta ƙare. Namiji da gemunsa, ya bar mace tana tare masa rana. Isuhu, duk abin da ya same ka, kada ka bar wani ya amsa sallamar da aka yi dominka, ko matarka in Allah ya ba ka, ko mai taya ka aiki. Kuma ka sani duk kwanan da na yi a Jibiya, bashin yana nan ƙofar gida yana jirana, har ya ƙara ƙiba.

Wauta ta huɗu a Ɗan Issa na sayo ta, da kuɗina. Na je canza ƴan nairori, ina ƙorafi wurin mai canji, sai wani mutum da ke gefe ya ce, “Baba, lanho ne ke damunka? Ai abin wasa ne.” Riga a goge, agogo a hannu, jaka baƙa a hammata, yana jefa faransanci cikin magana kamar gishiri. Ya ce duk manyan biro, ofishin lanho, abokan shan shayinsa ne. In ba shi rabin abin da ake bi na, shi zai sa a shafe sauran. Na sayar da ragon da innarka ke turka, na ƙara da buhun wake biyu, na kai masa. Bayan mako ya kawo mini takarda mai hatimi har biyu, ɗaya shuɗi ɗaya ja. Na naɗe ta cikin leda na sa a gafakar kakanka.

Wannan kakar ban je Jibiya ba. Ranar da gardi zai zo na sa aka share ƙofar gida, na shimfiɗa tabarma biyu, na zauna da carbi. Har Ɗan Barmo na kira ya zo mu sha inuwa. Gardi ya iso da ɗan aiken Maigari, muka gaisa, na zaro takarda na miƙa masa da hannu ɗaya, ina duban wani wuri. Ya duba, ya juya bayanta, ya sake dubawa. Mutumin kirki ne, ya yi ƙoƙari ya riƙe fuskarsa.

Ya ce, “Baba, shanunka nawa?”

Na ce, “Shanu? Ko maraƙi ba ni da shi.”

Ya ce, “To wannan ta ce an yi wa shanu sha biyu allura. Shekara uku da suka wuce. A wani gari.”

Ɗan Barmo ya tashi a hankali ya ce ya tuna bai ba akuyarsa ruwa ba. Har ya kai kwanar masallaci ina jin abin da yake yi wa akuyar.

A ranin nan na shiga karatun manya. Ina zaune da yaran da na halarci sunansu, ina koyon a da ba. Rubutun nan da kake karantawa, karkatacce kamar kunyar da makaho ya ja a gona, ragon innarka ne kuɗinsa, kuma ban yi tsada ba. Kai ka yi lakwal, ka yi boko, ka fi ni ido. Duk da haka ka ji: kuɗin gwamnati ba a biyan sa a inuwar bishiya, ba a ba mai jaka. Ka kai inda aka ce a kai, ka karɓi resi, takardar shaidar biya, ka karanta sunanka da adadin da shekarar kafin ka ɗaga ƙafa. Wanda ya ce maka ya san wani a ciki, ka ce masa kai ma ka san ƙofa.

Bayan wannan abin ya kai maƙura. Abin da ake bi na ya haura jikka arba'in, sefa dubu arba'in ke nan, ban da na Maigari. Ko an sayar da rumbu da abin da ke ciki ba zai kai ba. Wani Alhaji mai motoci ya aiko mini cewa zai biya duka, in ba shi jinginar garkarmu, lambun nan na bakin tabki. Ka san jinginar irinsu, shiga take ba ta fita. Na kusa amsawa. Innarka ta ce, “Ka je Jibiya, ka je Ɗan Issa, ka kusa zuwa gidan Alhaji. Wuri ɗaya ne ba ka je ba, ga shi nan kusa, ko jaki ba ya gajiya.”

Na fara da ƙofar Maigari. Na yi sallama, na zauna ƙasa, na ce, “Ranka ya daɗe, na zo.” Ya ɗago ya dube ni. Ya ce, “Ashe ka tuna hanya. Na ɗauka an ɗauke gidana daga garin.” Bai ƙara ko kalma a kan wannan ba, ya ce gobe da hantsi mu tafi.

Da safe na fito da babbar rigata mai aska, wadda na sa ranar aurenmu. Innarka ta tare ƙofa. “Ina zuwa da wannan?” Na ce gaban manya za ni. Ta ce, “Za ka je ka ce ba ka da shi, cikin rigar mai shi? Cire. Kada kuma ka ɗauko tsumma, ba bara za ka ba. Sa wadda kake zuwa kasuwa da ita, na wanke ta.” Na cire.

A biron muka sami wani mushe, saurayi, bai fi ka da yawa ba. Ni da na zaci za a zaunar da ni a rana, sai ya ba ni benci. Ya buɗe babban littafi ya fara kiran sunayen gidana ɗaya bayan ɗaya, yana cewa, “Wannan tana ina?” Na ce ta rasu. “Wannan fa?” Yana Kano. “Wannan?” Ikko. “Wannan?” Na ce, “Mushe, wallahi ko a hanya muka haɗu ban san ta ba.” Da ya zo kan makiyayi na ce Allah kaɗai ya san inda yake. Ya ajiye alƙalami ya ce, “Baba, kai gari guda kake biya wa, kuma ba kowa a garin. Mi ya hana ka zuwa tun tuni?” Na ce tsoro. Ya ce, “Tsoron mi? Ni aikina ke nan.”

Ya yi mini bayani dalla-dalla, ka riƙe shi domin zai yi maka amfani. Wadda ta rasu, in kawo shaidu biyu tare da Maigari, a cire ta, bashin da aka ɗora mata tun daga rasuwarta ya faɗi. Waɗanda suka ƙaura, in kawo shaidar cewa can suke zaune kuma can suke biya. Abin da ya rage bayan an tace, wanda yake nawa na gaskiya, in rubuta wa kumandan, babban mai mulkin Madarunfa, roƙo a raba mini shi kaka-kaka, in faɗi dalili ba ƙari ba ragi. Na tambaye shi abin da na riga na biya wa matattu da baƙi shekara da shekaru. Ya ce, “Wannan kam ya shiga, Baba. Ka ɗauke shi sadaka.”

Shaidun kakarka, liman ne ɗaya. Na biyun, ina tunanin wa zan roƙa sai ga Ɗan Barmo da sandarsa. Ya ce, “Ni na kama makara ta gaba, wa ya fi ni sani?” A hanya muna tafe ya ce, “Garba, sha huɗun nan nawa, biyar aro ne.” Na tsaya cik. Ya ce, “Amma ni da shekara ta zagayo na lallaɓa na cire su, ba wanda ya ji. Kai ne ka riƙe naka kamar gadon Annabi.” Na ɗaga sanda, ya ce in bari sai ya yi shaida tukuna. Gwaggo Ai kuwa, da aka duba, ashe tana cikin takardar ɗanta a Safo tun ranar da ta koma. Tsohuwa ɗaya, lanho biyu.

Saura mai wuyar. Dole in je Kano in dubi idon Idi in ce masa zan cire shi daga gidan ubanmu. Shekara goma sha ɗaya bai tako garin nan ba, ko rasuwar kakarka aike ya yi. Ni a raina na daɗe da yanke cewa birni ya cinye shi, ya raina mu.

Na same shi a ɗaki ɗaya shi da iyalinsa, yana gadin wani sito. Ya rame. Ya rasa inda zai sa ni, ya aika aka karɓo abinci bashi, na gani na yi kamar ban gani ba. Bayan la'asar muka zauna bakin sito. Na yi ta kewaye, na yi maganar damina, na yi maganar jaki, daga ƙarshe na ce, “Idi, abin kunya ne ya kawo ni. Lanho ya fi ƙarfina. An ce sai in cire sunanka. Na rantse maka gonarka tana nan, ba korarka nake ba.”

Sai na ga hawaye a idonsa. Na ce shi ke nan, na yanke zumunci da hannuna.

Ya ce, “Yaya, har yanzu kana biya mini?”

Na ce, “Ina ƙoƙari.”

Ya ce, “Na sani. Duk wanda ya zo daga gida sai ya gaya mini, yayanka yana ɗauke da kai. Kowace shekara ina ƙirgawa, nawa da na matata. Na ce ba zan taka garin ba sai na haɗa abin da ka biya in ajiye gabanka. Kowace shekara yana ƙaruwa, ni ina raguwa. Da Iya ta rasu na je har tasha, na sayi wuri a mota. Na tuna zan shigo hannu biyu babu komai, gari duk ya san kai ke biya mini kai. Na sauko.”

Isuhu, a nan na san abin da na yi. Ni ina nan ina cewa na riƙe ƙanena a cikin gida, ashe sunan nan da na ƙi cirewa shi ne ƙyauren da na rufe masa. Ya hana shi ganin uwarsa. Ba wanda ya tilasta ni, ni na yi, kuma ina jin daɗin kaina ina yi.

Ya shiga ɗaki ya ɗauko takardun harajinsa na can, a ɗaure da zare, ba wadda ta ɓata. Ya ce, “Cire ni, Yaya. Don Allah cire ni in samu in zo gida.” Shi ya rubuta wa Mamman, na Ikko ma suka iso bayan wata biyu.

Da aka gama tacewa, jikka arba'in da wani abu suka koma sha shida. Roƙon da aka kai wa kumandan, malamin karatun manya ya juya mini shi faransanci, amma ni na sa sunana a ƙasa da hannuna, ba dangwale ba. Aka raba mini kaka uku. Na biya ta farko da wake, ta biyu da albasar garka, ta uku da gero, kowace na karanta resinta a bakin taga kafin in matsa wa na baya. Na Maigari na ƙarasa bara. Garka tana nan, ba ta kwana hannun kowa ba. Idi kuwa a babbar sallar shekarar ya zo, da sabulu sanda biyu da ledar alewa, ya shigo da rana tsaka ta tsakiyar gari. Ya je kabarin kakarka ya daɗe. Tun daga nan bai fasa zuwa ba. Kai ka sha ganinsa, ba ka san abin da ya dawo da shi ba.

To ka ji dalili. Na san sana'a. Na san tun da aka karya darajar sefa ƙarfe ya yi tsada, taya ta yi tsada, mutanen arewa kuma sai sun ga damina kafin su sayi amalanke. Za ka yi shekara mai kyau, za ka yi wadda ko kuɗin mota sai ka yi tunani. Da na bar ka a takardata, da na biya maka da farin ciki, kai kuma da ka fara ƙirgawa a can, domin jininmu ɗaya da Idi, na ga yadda kake kasa cin abinci in ana bin ka dala biyar. Ba zan sake rufe wa wani nawa ƙofa da alheri ba.

Da na je cirewar, mushen nan ne dai, ya yi ƙiba yanzu. Ya ce, “Baba, wannan kuma ina ya tafi? Ko shi ma makiyayi ne?” Na ce, “A'a. Wannan maƙeri ne. Amalanken da ke kawo muku itace kowace safiya, duba bayansa, aikin hannunsa ne, shekara uku ko ƙusa bai zubar ba. An kira shi Dakoro ya buɗe rumfar kansa.” Na faɗa da ƙarfi fiye da yadda ake bukata, na sani, har na ɗakin gaba suka leƙo. Halin bai gama fita ba. Amma wannan karon abin da na faɗa gaskiya ne.

Daga can ban zarce gida ba. Na tara Maigari da liman da Ɗan Barmo, na ce su shaida: rabon Isuhu a gandu da garka yana nan daram, ɗakinsa nasa ne, cire suna bai taɓa ko taki ɗaya ba. Wannan ne ba ka tsaya ka ji ba a ƙofar Maigari, rabin farko kurum ya iske ka.

Yanzu abin da ya rage naka ne. Kada ka jira a zo nemanka. Ka je wurin mai unguwar da ka sauka, ka ce a buɗe maka takarda. Za a tambaye ka mutum nawa, wataƙila a gaban jama'a. Ka ce ɗaya. Ka faɗe shi a sarari, kada ka sunkuyar da kai. In shekara ta juya maka baya har ka gaza biya, ka wanke rigar kasuwa ka je da kanka tun bashin yana ƙarami, ka ce ga abin da nake iyawa, ga lokacin da zan kawo. Ni ban ga an ci mutuncin wanda ya zo da ƙafarsa ba.

Ka riƙe salla a kan lokaci ko ƙarfe yana wuta. Ka sa madubin ido in kana liƙi, innarka ta ce in rubuta wannan sau biyu, na ce takarda ta ƙare. Allah ya tsare ka a hanya da masauki, ya kare ka daga ciwo da bashi da mugun aboki, ya sa albarka a guduma da hannun da ke riƙe da ita. Ya sa mu gana cikin alheri.

Duk ranar da ka ji kana son gida, ka taso. Da riba ko ba riba, da tsaraba ko hannu sake, ka shigo da rana ta tsakiyar gari. Ko dala ɗaya ba na bin ka.

Wassalam.

Mahaifinka,
Garba